Kwaɗo a Ƙofar Ɗakin Macizan Anti Kaneng

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, 2025, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, Allah ya karɓi abarsa. Anti Kaneng Jang ta rasu a asibiti tana da shekara hamsin da tara, awa biyu bayan ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar gidanta da ke Hyattsville, a nan Amurka, tana cikin kankare ƙanƙara daga gilashin mota. Likitoci sun ce zuciya ce. An kai gawarta gida Najeriya, aka binne ta a Kuru ranar Asabar, takwas ga Fabrairu. Wanda ya ba mu ita shi ya ɗauke ta, kuma ba ni da ƙorafi a kansa. Ƙorafina a kan mutane yake.

Sunana Yashim. Shekara bakwai da wata biyu ina zaune a ɗakin sama na gidanta. Ni ba danginta ba ne. Daga Zonkwa nake, kuma an tuna mini da hakan sau da yawa a makonnin nan. Yayanta, Baba Davou, wanda ke zaune a Woodbridge, ya aiko cewa in rubuta shafi ɗaya a ɗan littafin da za a raba ranar sujadar tunawa da ita. Ya ce in yi maganar aikinta na jinya da alherinta, amma kada in ambaci macizai. Na gwada. Sau huɗu ina farawa ina yagewa, domin matar da take fitowa a takardar ban san ta ba. Ga abin da na iya rubutawa. In an sa shi a littafin, to. In ba a sa ba, zan aika wa duk wanda na gani a zaman makoki.

Ban yarda da ƙwaƙwalwata ba, shi ya sa nake rubuta abin da ya faru kowace rana tun ina sakandare. Duk ranar da za a gani a nan daga littafina na ɗauko ta.

Anti, a watan Nuwamba na 2017 muka haɗu. Ina tuƙa motar da ke kai marasa lafiya wankin ƙoda, ke kuma kina cikin masu karɓarsu. Kin ji ina Hausa a waya, kika tambaye ni inda nake kwana. Na ce College Park. Kika ce ba unguwa kika tambaya ba, gado kika tambaya. Sai na faɗi gaskiya, a kan kujerar falon wani nake kwana. Kika ce in zo ranar Lahadi bayan sujada.

Kafin ki nuna mini ɗakina, sai kika ce in biyo ki ɗakin ƙasa. Muna sauka na ji ɗumi ya doke ni kamar na shiga ɗakin gashin burodi. Ga manyan akwatuna masu ƙofar gilashi jingine da bango.

"Tsaya nan," kika ce. "Biyu ne. Ba su da dafi, ba sa fita, ba su damu da kai ba. In guduwa za ka yi ka gudu yanzu, tun ban zuba gwate da kai ba."

Na ce, "Anti, mesa ce?"

"Mesar gidanku! Mesa ƙwai take yi. Waɗannan haihuwa suke, kamar ni da babarka. Bowa ake ce musu, daga Kudancin Amurka suke. Ka koya tun yau, ba na son maimaita magana."

Na ci gwaten, na kwana. Amma wata biyar na yi ina cusa tawul a ƙarƙashin ƙofata, kuma kin sani, ba ki taɓa ce mini komai ba.

Zan faɗi sunayensu, tunda an ce kada a faɗa.

Gwaggo ita ce babba, 'yar asalin Kolombiya, tsawonta ƙafa takwas. Ta wani tsoho ce da kika yi jinyarsa a gida, da ƙarfinsa ya ƙare ya roƙe ki ki ɗauke ta. Irinsu su ne suka fi yawa a hannun masu kiwo, domin suna da juriya kuma ba su da saurin fushi. Wutsiyarta ruwan ƙasa ce, amma masu sayarwa suna kiran irinta mai jan wutsiya, abin da ke ɓata miki rai kamar ke aka cuta. Gawayi namiji ne, ɗan asalin Ajantina, baƙi da ɗigo-ɗigon fari. Yana huci kamar tayar da ta huje, amma bai taɓa saran kowa ba. Ƙasarsu tana da lokacin sanyi, saboda haka ya fi sauran jure shi. Takardunsa kika fi adanawa, don kin ce irinsa sun yi ƙaranci a daji.

Lalle ce ta zo daga baya, a watan Yuni na 2019. 'Yar Surinam ce, ainihin mai jan wutsiyar, ja kamar ƙafar da ta kwana da ƙunshi. Wani ɗalibi ne ya saye ta yana ba ta abinci duk mako, kamar yadda aka gaya masa ana yi wa 'yan Kolombiya, ita kuwa tana ci tana amayarwa. A cikin rigar matashin kai kika kawo ta, ƙashin bayanta duk a waje. Daga kan matakala na tsaya ina kallo. Wata goma sha ɗaya kika yi kina lallaɓa ta, ɗan ƙaramin ɓera sau ɗaya a wata, kina auna ta a sikelin kicin, kafin kika ce ta tsallake.

A shekarar korona na kwanta kwana goma sha tara. Kina dawowa daga aiki ki ajiye mini farfesu a bakin ƙofa, ki buga, ki ce, "Mutumin Zonkwa, in ka mutu a gidana sai na kai ƙararka." A rana ta tara numfashina ya yi ƙasa, kika sa takunkumi biyu kika shigo, kika kifa ni a kan cikina, kika zauna kina ƙirga numfashin har ya daidaita. Da na warke, da ƙafata na sauka ɗakin ƙasa na ce ki nuna mini yadda ake yi. Ba ki yi mini barka ba. Bokiti kika miƙa mini.

Daga ranar kika fara koya mini, kuma ba ki da haƙurin koyarwa. Kika sa ni ƙirga zanen da ke bayansu, wanda kika ce masu kiwo suna kamanta shi da sirdi. Na Gwaggo ashirin da shida, masu zagaye. Na Lalle goma sha takwas, kowanne da ɗan tsini gaba da baya. Na rubuta cewa gefe ɗaya na akwati zafinsa tamanin da takwas ne a ma'aunin ƙasar nan, ɗaya gefen tamanin, don macijin ya zaɓi inda yake so. Na rubuta cewa in idonsu ya yi fari-fari saɓa za su yi, a ƙara musu laima, a ƙyale su. Na rubuta cewa ɓerayen daskararru ake sayowa, a narkar da su a ruwan ɗumi, a miƙa da dogon hantsaki, ba da hannu ba. Gwaggo takan ci babba ɗaya duk mako uku. Lalle matsakaici, duk mako biyar, kuma kada kaurinsa ya kai na tsakiyar jikinta.

Rannan na ce ai duk macizai ne, me zai hana a yi musu tsari ɗaya a huta. Kika ajiye hantsakin kika dube ni.

"Kai da Bayarabe duk 'yan Najeriya ne, barkonon da yake ci kana iya ci? Gwaggo ko ka yi mata kuskure za ta yafe maka. Gawayi zai yi maka huci ya manta. Wannan," kika nuna Lalle, "cikinta ba ya narka komai sai da zafi. Ta ji sanyi da ɓera a ciki, ruɓewa zai yi, ta amayar. Aman farko shi ke jawo na biyu. Rubuta, tunda rubutu ka iya."

Na rubuta. Yana nan a shafin ranar huɗu ga Oktoba, 2020, har na ja layi a ƙarƙashinsa.

Yanzu ga mutanen da suka cika falonki suna waƙa. Yawancinsu ba su taɓa cin abincinki ba. In kin kai kular shinkafa taron ikilisiya, haka take dawowa, domin an baza cewa firiza ɗaya kike sa nama da ɓeraye. Ƙarya ne. Firizar ɓerayen tana ɗakin ƙasa, ta abinci tana kicin, ni nake wanke su duka biyun. Madam Constance, ke na fi nufi. Lokacin da ɓarin jikin mahaifiyarki ya shanye, Anti Kaneng ce take zuwa gidanki kowace Asabar, wata bakwai, tana yi mata wanka, tana juya ta, tana koya miki yadda za ki ɗaga ta ba tare da kin karya bayanki ba. Ni nake kai ta in motarta ta ƙi tashi. Kin karɓi wannan duka, sa'an nan kika riƙa gaya wa mata cewa macen da ke zaune da macizai ba miji a gida, a bincike ta. Ta ji. Ranar da ta ji, a mota ta gaya mini, ta yi dariya, kuma Asabar ta gaba ta koma gidanki. Ni ban yi dariya ba, har yau.

Ga yadda abin ya faru.

Lahadi, sha biyu ga Janairu, ranar cin Lalle ce. Ta ci da ƙarfe huɗu na yamma, ni na narkar da ɓeran. Talata Anti ta rasu. Ina asibiti har la'asar wajen takardu da kiran mutane. Da na dawo gida na tarar Baba Davou da matarsa Mama Edna sun iso, kuma an sa sabon kwaɗo a ɗakin kwananta, an sa wani a ƙofar ɗakin ƙasa.

Na san wannan al'ada, mu ma muna yin ta. Ana kulle ɗakin mamaci da kayansa, babban gida ya riƙe makulli, ba mai taɓa ko allura sai an binne, dangi sun zauna. An yi ta ne don kada a cuci magada, kuma ɗanta tilo, Longji, yana Jos bai samu bizar zuwa ba. Ban ga laifin al'adar ba. Amma waɗanda suka kafa ta akwatin tufafi suke kullewa, da fartanya, da buhun acca. Akuyar mamaci ba a kulle ta a ɗaka.

Na ce, "Baba, akwai masu rai a ciki."

Ya ce, "Na gan su. Kwana nawa suke yi ba abinci?"

Na ce, "Ko wata guda ba abin da zai same su."

Ya ce, "To ka gani." Ya sa makullin a aljihu.

Gaskiya na faɗa masa, kuma wannan gaskiyar ce ta yi ɓarna. Abinci ya tambaya, na ba shi amsar abinci. Ban yi maganar zafi ba, domin a zatona komai yana kunne yadda muka bar shi. Ban san cewa kafin ya rufe ƙofar ya bi bango ya zare duk wata waya da ke cikin soket ba: hitar ɗakin, da faifan zafin da ke cikin kowane akwati, da firiza. Daga baya ya ce haka ake yi, ba a barin wuta a kunne a ɗakin da ba mai shiga, gobara yake gudu. Na yarda a gidansu na Kuru haka ake yi. Amma ya tsaya a gaban akwatunan nan ya ga ma'aunin zafi manne a jikin kowanne. Injiniya ne. Shekara talatin yana ƙasar nan, ya san abin da Janairu take yi wa ɗakin ƙasa. Ko bai sani ba, ina da waya.

Laraba ban lura ba. Ina ɗauko kujeru, ina sayo ruwa, ina nuna wa baƙi inda za su ajiye mota. Alhamis da safe na fita zubar da shara, na bi ta gefen gida, na duƙa a ƙaramar tagar ɗakin ƙasa kamar yadda na saba. Akwai jan haske ɗan mitsitsi na na'urar daidaita zafi da ake hangowa daga nan. Babu shi. Na taɓa gilashin tagar, sanyi ƙalau.

Da ƙarfe takwas da kwata na kira Baba Davou. Ya koma Woodbridge da makullin. Na yi masa bayani a natse, na gaya masa Lalle ta ci ranar Lahadi.

Ya ce, "Yashim, ƙanwata tana cikin firijin asibiti, kai kana kirana a kan sanyin maciji?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ba sai ka zo ba, ni zan zo in karɓa, in buɗe a gaban Mama Edna, in mayar da wuta, in rufe, in dawo maka da shi yau ɗin nan."

"Makullin nan ba ya barin hannuna. Asabar zan zo. Kuma ka ji da kyau, kai ɗan haya ne. Duk abin da aka nema aka rasa a gidan nan, na san wanda zan tambaya."

A nan ne nawa laifin ya fara, kuma ba zan ɓoye shi don na sami na wasu ba. Almakashin yanka ƙarfe yana cikin gareji, na san inda yake rataye. Minti ɗaya ya isa. Ban yi ba. Na tsaya ina tunanin abin da za a ce: baƙo ya fasa ɗakin mamaciya tun gawarta ba ta bar gari ba. Na san labarin zai isa Zonkwa kafin yamma, ya shiga kunnen mahaifiyata. Na je aiki, na kai marasa lafiyata, na dawo da su. Na jingina wata ƙaramar hita a ƙarƙashin ƙofar ina yaudarar kaina cewa ɗumin zai sauka, alhali na san ɗumi sama yake yi. Abin da na rubuta a littafina ranar layi biyu ne: "Wataƙila ba su yi sanyin da nake zato ba. Wataƙila ni ne nake zuzuta abu." Anti, kin sha gaya mini wataƙilar nan tawa za ta kashe wani.

Juma'a da ƙarfe sha ɗaya na safe wari ya fara hawowa ta ƙarƙashin ƙofar. Na ɗauko almakashin na shiga falo da shi a hannu, don kada a ce a ɓoye na yi. Mata tara ne a zaune. Na ce wa Mama Edna ta zo ta tsaya shaida.

Ta ce, "Yashim, kada ka sa ni a tsakiyarku. Ban gani ba, ban ji ba."

Madam Constance ta ce, "Ka bar su mana. Mai su ta tafi, su bi ta. Allah ne yake tsabtace gidan."

Ga amsarki yanzu, Madam: Allah bai zare soket ba. Na yanke kwaɗon, na ajiye shi a kan tebur a gabansu, na sauka.

Ma'aunin bango yana kan hamsin da huɗu. Ɓerayen firiza sun narke sun fara lalacewa. Gawayi ya naɗe a kusurwa, na taɓa shi ya yi mini huci, ban taɓa jin daɗin hucinsa kamar ranar ba. Gwaggo tana numfashi da ɗan ƙara, da kumfa a gefen baki. Lalle tana miƙe, ba a naɗe ba, ɓeran Lahadi yana gefenta, ya fito rabi a narke. Na ɗaga ta, jikinta kamar tiyon ruwan da ya kwana a waje. Harshenta ya fito sau ɗaya, a hankali.

Ba ki taɓa koya mini abin da ake yi a irin wannan hali ba, domin ba ki taɓa barin haka ta faru ba. Na yi tunanin zafi farat ɗaya zai iya yi musu illa, sai na riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, ina rubuta kowace awa. Likitar dabbobin da na kai su wurinta daga baya ta ce daidai na yi. Ban sani ba ko don ta ga fuskata ne ta faɗa. Zan faɗi abu ɗaya don adalci: wajen ƙarfe ɗaya Mama Edna ta turo ƙofar, ba ta sauko ba, ta jefo mini tawul uku masu tsabta da ledar shara, ta koma. Ita kaɗai.

Asabar Baba Davou ya zo. A gaban mutane ya sa na buɗe ɗakina, ya duba ƙarƙashin gado da cikin akwatina. Bai sami komai ba, bai kuma ba ni haƙuri ba. Ya ce in dangi sun zauna za a san yadda za a yi da ni da dabbobin. Ɗakin ƙasa dai bai sake sa masa kwaɗo ba, ina jin warin ne ya hana shi.

Anti, ke ma ina da magana da ke, kuma da kina nan da ba zan iya faɗa ba. Mako guda kafin ki faɗi na gan ki kin tsaya a tsakiyar matakala kin dafe ƙirji. Kika ce kunun gyada ne ya tsaya miki. Shekara talatin da ɗaya kina aikin jinya. Da wani ne ya gaya miki haka, da kin zage shi kin tura shi asibiti a ranar. Sa'an nan kin san danginki. Kin san abin da za su yi wa ƙofar nan, ke da bakinki kin ba ni labarin yadda aka kulle ɗakin mahaifinku wata biyu. Takarda ɗaya za ki manna a ƙofar, ki ce kada a kashe wuta, ki ce Yashim ne zai kula da su, ki sa hannu. Kin manna wa kowane akwati ranar ci da ranar saɓa, amma ba ki rubuta wannan ba. Girman kai ne ya hana ki. Ba ki son ki roƙi yayanki komai a kan abin da ya raina. Kika bar ni da sanin yadda ake kula da su, ba ki bar mini ikon buɗe ƙofa ba. Na yi fushi da ke, kuma ba ni da wurin kai fushin.

Gawayi bai ko yi ciwo ba. Gwaggo ta kamu da ciwon huhu, an yi mata allura duk bayan kwana uku, ni nake yi, yanzu ƙarar numfashin ta tafi. Kamar yadda kika faɗa, ta yafe.

Lalle ma an yi mata allurar. Likita ta ce kada a ba ta komai sai bayan mako uku, don maƙogwaronta ya warke. Na kiyaye. Na riƙe zafinta a tamanin da takwas, ina fesa mata ruwa safe da yamma, ina auna ta a sikelinki. Ranar ashirin da bakwai ga wata ta naɗe jikinta a karon farko, na rubuta da manyan baƙaƙe. Ranar biyu ga Fabrairu ta yi aman wani ruwa, alhali ba abin da ke cikinta. Laraba, biyar ga Fabrairu, na sauko da ƙarfe bakwai na safe na tarar ta mutu, kanta a gefen kwanon ruwa. Ta riga ki shiga ƙasa da kwana uku.

Na tambayi likitar tambaya ɗaya. Na ce da Alhamis da safe na buɗe, ba Juma'a ba, da ta rayu? Ta ce ba wanda zai iya sani. Na sake tambaya ta wata hanyar, ta sake ba ni amsar nan. Awa ashirin da bakwai ne tsakanin lokacin da na ga hasken nan a mace da lokacin da na yanke kwaɗon. Baba Davou yana da kwana biyun farko. Waɗannan awa ashirin da bakwai nawa ne, ba na raba su da kowa. Sunana na tsaya karewa, kuma ga shi an bincike ƙarƙashin gadona duk da haka.

Ga dangi, kafin ku zauna: Gwaggo da Gawayi ba kayan gado ba ne da za a jera a raba, ba kuma abin da za a kira mai kashe ƙwari ya kwashe ba ne, kamar yadda na ji wani ya kawo shawara. Na yi magana da Longji ranar Lahadi. Ya ce mahaifiyarsa takan nuna masa su a waya, ya san sunayensu, ya ce in riƙe su, kuma ya rubuto hakan. Takardar tana wurina, na kuma manna kwafinta a ƙofar. In kun ce in tashi daga gidan zan tashi, amma da su zan fita, kuma ba a ranar sanyi ba.

Anti Kaneng, bakinki yana da kaifi, hannunki kuma bai taɓa ƙin jikin mara lafiya ba, ko na mutum ko na abin da mutane ke gudu. Allah ya gafarta miki kurakuranki, har da wanda na ambata. Ya ba ki hutun da ba ki yarda kin ba kanki ba. Ya karɓe ki da fuskar da ba ki samu a wurin mutanenki ba.

Longji, Allah ya ƙarfafa ka, ya zama uwa a gare ka. Mahaifiyarka tana ajiye hotonka a jikin firijin kicin, tana yi masa faɗa in ka daɗe ba ka kira ba. Mama Edna, sannu da hidima, na gode da tawul. Mutanen Kuru da abokan aikinta, Allah ya ba ku haƙuri. Baba Davou, ka rasa ƙanwar da kuka fito ciki ɗaya, na ga kukanka a asibiti kuma na san na gaske ne. Ina yi maka ta'aziyya da zuciya ɗaya. Yafewa kuwa ban kai can ba tukuna, kuma ba zan rubuta ƙarya a takardar mamaciya ba. Ina roƙon Allah ya kai ni. Ya ji tausayin wanda ya tafi da makulli, ya ji tausayin wanda ya san inda almakashi yake ya wuce shi ya tafi aiki. Amin.

Yashim
Hyattsville, 11 ga Fabrairu, 2025